Fim da tarihi: Darasin da ya kamata Jami'ar Aliero ta buɗe wa ƙofa

A ƙarshen shekarun 1970, marigayi Adamu Halilu ya shirya wani fim mai suna Kanta of Kebbi. Labarin Muhammadu Kanta ne, sarkin da ya ɗaga martabar daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a birnin Surame, ya kuma ƙi sunkuyar da kai ga daular Songhai.

Yau idan aka tara matasan Jega da Aliero da Maiyama aka tambaye su wa ya taɓa kallon wannan fim, da wuya a ga hannu ɗaya a sama. Da yawa ma ba su san an taɓa yin sa ba. Amma a ambaci Ertugrul, nan take za a ji sunan mahaifinsa da na abokan yaƙinsa da na ƙabilarsa, har da yadda ɗansa ya kafa daular Usmaniyya.

Ban ga laifin matasan ba. Abin da mai tura finafinai ya zuba musu a memori shi suke kallo, kuma Turkawa sun kashe kuɗi da basira wajen sayar wa duniya tarihinsu yadda suke so a gan shi. Abin da ya dame ni shi ne, allon waya ya zama babban ajin koyon tarihi a ƙasar nan, alhali babu malami a ajin.

Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da jami'ar da ke Aliero, da sauran manyan makarantun Jihar Kebbi, za su fara koyar da dangantakar fim da tarihi. Na san wasu za su ce me ya haɗa kifi da kaska, jami'ar kimiyya da fasaha da zancen fim. Ina roƙon a bi ni a hankali.

Me ake koyo a wannan fanni?

Wannan karatu ba na koyon rawa da waƙa ba ne, ba kuma na horar da jarumai ba ne. Fanni ne da ya daɗe a jami'o'in duniya. A 1977 wani masanin tarihi ɗan Faransa, Marc Ferro, ya wallafa littafi a kansa, inda ya nuna cewa ana iya fuskantar fim ta hanya biyu.

Hanya ta farko ita ce a ɗauki fim a matsayin shaida a kan zamanin da aka yi shi. Ɗauki duk wani fim ɗin Hausa na ƙarshen shekarun 1990, irin su Sangaya da sa'o'insa. Ka bar labarin soyayyar da ke ciki, ka dubi abin da ke bayan 'yan wasa. A finafinan wancan lokaci za ka ga ɗinkin da ake yayi, da kayan ɗakin amarya, da irin motocin da ke kan titi, da yadda saurayi ke aika yaro ya yi masa sallama da budurwa domin wayar salula ba ta fara yaɗuwa ba sai a 2001. A waɗanda aka ɗauka a titunan Kano za ka ga 'yan acaɓa, waɗanda aka hana su ɗaukar fasinja a birnin a farkon 2013. Darakta bai yi niyyar rubuta tarihi ba, amma kyamara ta rubuta.

Hanya ta biyu ita ce a binciki fim ɗin da ya ce yana ba da labarin abin da ya wuce. Wa ya biya kuɗin yin sa? A wane lokaci? Me ya faɗa, me ya tsallake, me ya ƙara domin labari ya yi armashi? Daga wane littafi ko bakin wane dattijo aka samo labarin?

Akwai ta uku da mu muka fi kowa buƙata, wato sanin yadda ake ceto tsofaffin finafinai da kasakasai daga lalacewa, a mayar da su cikin kwamfuta, a rubuta bayaninsu, a adana su inda mai bincike zai same su bayan shekara hamsin.

Tun asali da manufa fim ya shigo mana

Dattawanmu sun san majigi. Mota ce ke shigowa gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a filin kasuwa ko ƙofar fada, a tayar da janareto, mai sharhi ya riƙe lasifika yana fassara wa jama'a abin da suke gani.

Turawan mulkin mallaka ne suka kawo tsarin. A 1939 gwamnatin Birtaniya ta kafa sashe na musamman na shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora William Sellers a kansa, wanda ya yi aikin jami'in kiwon lafiya a Najeriya. Ra'ayin Sellers shi ne Baƙar fata ba ya gane hoto mai sauri ko mai dabaru, don haka sai a yi masa fim a sannu, a sauƙaƙe, kamar ana koya wa yaro. Duk wanda ya kalli finafinan wancan zamani bai san da wannan ra'ayi ba, zai ɗauka kakanninmu ne ba su da wayo, alhali mai riƙe da kyamarar ne ya tsara su fito a haka.

Tun kafin nan, a 1926, an ɗauki wani fim mai suna Palaver a yankin Filato, inda aka nuna jami'in Bature a matsayin mai kawo zaman lafiya, mutanen ƙasa kuwa masu jiran a shiryar da su. Bayan mulki ya fara dawowa hannun 'yan ƙasa, gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da amfani da majigi wajen wayar da kan manoma. Har gobe akwai tsofaffin da ke tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi domin koyar da noman zamani. An kuma yi amfani da majigi wajen nuna tafiye-tafiyen shugabanni da ayyukan gwamnati.

Darasin a nan shi ne, tun ranar farko akwai mai saƙo a bayan kowane hoto. Waɗannan finafinai suna cike da bayanai masu daraja a kan tufafi da gine-gine da kasuwanni da sana'o'inmu, amma sai wanda aka koya wa tace su ne zai iya raba tsaki da tsakuwa.

Yadda Shaihu Umar ya ɓace, aka kuma gano shi

Misali mafi kusa da mu shi ne na fim ɗin Shaihu Umar. Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ya fito daga gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta haifar da su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Labarin yaro ne da cinikin bayi ya raba da mahaifiyarsa, aka ƙetare hamada da shi, ya dawo ya zama babban malami. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar.

Fim ne da ya taɓo wani ɓangare na tarihinmu da ba mu cika son tattaunawa ba, wato bauta da farautar mutane a ƙasar Hausa. Duk da haka ya shafe shekaru masu yawa ba a ganin sa, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a cikin tarin tsofaffin finafinai na Hukumar Finafinai ta Najeriya. Wata cibiya da ke birnin Berlin na Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka haska shi a bikin baje kolin finafinai na Berlin a watan Fabrairun 2018.

A tsaya a yi tunani a kan wannan. Littafin Firaministan Najeriya na farko ne, daraktan ɗan Arewa, harshen namu, amma sai da aka kai shi Jamus kafin ya sake ganin haske, domin na'urori da gwanintar gyaran suna can.

Abin farin ciki shi ne wannan lamari ya zaburar da wasu. A 2019 Jami'ar Jos ta fara digiri na biyu a fannin al'adun fim da adana shi, da haɗin gwiwar Hukumar Finafinai ta Najeriya da Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus. A 2020 kuma Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai, ɗaya daga ciki na nazarin fim ne. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya shafe shekaru yana rubutu a kan finafinan Hausa tun lokacin da wasu malaman jami'a ke ganin abin wasan yara ne. Wato hanya a buɗe take, doka ba ta hana ba, akwai kuma waɗanda za a koya daga gare su.

Idan ba ka ba da labarinka ba

A tsallaken iyakarmu da Nijar, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, akwai garin Lugu. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta yi ta ƙona garuruwa har ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta gwabza da mutanen Sarauniya Mangu a can. A 1980 marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya rubuta ƙagaggen labari a kanta, sannan a 1986 daraktan nan ɗan Muritaniya, Med Hondo, ya mayar da shi fim, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma lashe babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987.

Fim ɗin ya yi babban aiki, domin ya tona wa duniya ta'asar da Faransa ta so a manta. Amma masu bincike sun nuna cewa Sarauniyar da ke cikin littafin da fim ɗin ta sha bamban da wadda mutanen Lugu ke ba da labarinta. Mamani da Hondo suna neman gwarzuwar yaƙi da mulkin mallaka wadda duk Afirka za ta yi alfahari da ita, sai suka gina ta a haka. Ɗalibin da ya karanci fim da tarihi zai iya yaba aikin nasu, ya kuma san inda tarihi ya tsaya, ƙirƙira ta ɗora.

Mun ga ɗaya gefen a 2021, lokacin da fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya fito a Netflix. Shafukan sada zumunta na Arewa suka cika da ƙorafi a kan sutura da harshe da yadda aka nuna fadar Zazzau. Ƙorafin na da tushe, amma yawancinsa ya tsaya a fushi. Kaɗan ne suka iya zama suka rubuta cewa ga abin da tsofaffin rubuce-rubuce suka faɗa game da Amina, ga abin da baka ta riwaito, ga inda masana suka yi saɓani, ga kuma inda fim ɗin ya kauce. Fushi na kwana uku ne, fim ɗin kuwa yana nan ana kallon sa a duniya.

Abin da ke jibge a Jega da Aliero da Maiyama

Wani zai ce to mu wane tarihi gare mu da har za a yi wa fim? Amsar tana bakin ƙofarmu.

A wannan yanki ne garin Gimbana yake, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna da jama'arsa. Harin da dakarun Gobir suka kai wa Gimbana, da kuma kuɓutar da kamammun da jama'ar Shehu suka yi lokacin da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel, suna cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan rasuwar Shehu a 1817, saɓani ya shiga tsakanin Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har aka yi yaƙi a Kware, Abdussalami ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne daga baya ya kafa Jega, garin da ya bunƙasa ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu, mahaɗar fatake.

Wannan labari kaɗai ya isa a yi shekara ana nazarinsa. Akwai imani a ciki, akwai siyasa, akwai saɓani tsakanin mutanen da suka yi gwagwarmaya tare, akwai sulhu, akwai kuma yadda kasuwa ke tayar da gari.

Aliero kuwa duk Najeriya ta san ta da albasa, ta kuma san ta da masu ɗori waɗanda ake kawo musu masu karaya daga nesa. Yaushe noman albasa ya zama abin da garin ya dogara da shi? Yaya aka koma daga ban ruwa da hannu zuwa injin? Ta yaya ilimin ɗori ke wucewa daga uba zuwa ɗa? Waɗanda suka san amsoshin nan da bakinsu tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi.

A Maiyama da ƙauyukanta akwai manoma da makiyaya da suka ga fari da yunwar shekarun 1970 da na 1980, suka ga zuwan takin zamani, suka ga lokacin da aka cire Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991. Akwai matan da suka san waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda injin niƙa ya kashe. Babu wanda ya ajiye kyamara a gabansu ya ce su ba da labari.

Har abin da ya faru jiya-jiya ma yana ɓacewa. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, mutane da dama sun ɗauke ta a waya. Ina bidiyoyin suke yanzu? Waya ta faɗa ruwa, memori ya ƙone, an sayar da wata, an goge wata domin a samu wurin sabon fim. Nan da shekara talatin, mai binciken da ke son sanin inda ruwa ya kai zai rasa shaidar da a dā take a aljihun kowa.

Me ya sa jami'ar kimiyya?

An kafa jami'ar Aliero a 2006 domin kimiyya da fasaha, kuma ba ina cewa ta bar wannan aiki ba ne. Hujjata ita ce ceto fim aikin kimiyya ne tsantsa.

Tsohon zaren fim da sinadarai aka yi shi. Wanda aka yi amfani da shi kafin farkon shekarun 1950 yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya tsufa ya sha zafi. Wanda ya biyo bayansa kuma, idan zafi da laima suka yi masa yawa, sai ya fara fitar da wani wari mai tsami, ya ƙanƙance, ya lanƙwashe, hoton ya tafi. Wannan matsala ce ta masanin sinadarai, musamman a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40.

Kaset ɗin bidiyo ma haka. Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo, shekaru masu yawa a kan kaset masana'antar ta rayu. A kan kaset aka ɗauki bukukuwan aure da naɗin sarauta da wa'azi da tarukan siyasa. Kaset yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba, kuma kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna shi, Funai na Japan, ya daina a 2016. Duk na'urar da ta mutu yanzu sai dai a nemi tsohuwa a cire mata kaya. Wa zai gyara su in ba ɗalibin injiniyan lantarki ba? Wa zai tsara rumbun ajiya a kwamfuta, da hanyar nemo abu a cikinsa, in ba ɗalibin kimiyyar kwamfuta ba?

Sannan ga sunan da jami'ar ke ɗauke da shi yanzu, na Abdullahi Fodiyo. Malam Abdullahi na Gwandu bai tsaya ga fiƙihu da tafsiri da nahawu ba. A littafinsa Tazyinul Waraƙati ya rubuta tarihin abin da ya gani da idonsa, har da abubuwan da ba su yi masa daɗi ba a halayen wasu daga cikin jama'arsu bayan an samu nasara. Jami'ar da ta ɗauki sunan irin wannan mutum bai kamata ta yaye ɗalibin da bai san yadda ake auna shaida a kan abin da ya wuce ba.

Hujjojin masu ja

Akwai hujjoji uku da na san za a kawo, kuma kowacce tana da nauyi.

Ta farko ita ce aikin yi. Uba ya sayar da buhunan albasa ya biya kuɗin makaranta, yana son ɗansa ya fito da abin da zai ci abinci da shi. Gaskiya ne, kuma ba zan yi alƙawarin cewa wannan darasi zai magance zaman kashe wando ba. Shi ya sa ban ce a buɗe sabon digiri gobe ba. A fara da kwas guda cikin darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka. Mai karanta aikin gona ya ci gaba da karatunsa, sai dai ya fita ya san yadda ake ɗaukar hira mai tsabta, da yadda ake tantance bidiyo. Wannan gwaninta tana da kasuwa a gidajen talabijin da rediyo, da ƙungiyoyin raya karkara, da kafafen binciken gaskiyar labari, da masu shirya finafinai masu dogon zango da ke fita a YouTube da tashoshi irin su Arewa24.

Ta biyu ita ce tarbiyya. Ba mu manta da 2016 ba, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta Jihar Kano bayan malamai da jama'a sun nuna adawa. Damuwar iyaye a kan abin da 'ya'yansu ke kallo damuwa ce ta gaskiya. To amma janye wancan shiri bai rage ko fim ɗaya a wayar yaranmu ba. Na Indiya da aka fassara suna nan, na Turkiyya suna nan, na Koriya ma sun shigo. Yaron da aka koya wa tambayar wa ya yi wannan fim, me yake so in yarda da shi, ya fi samun kariya a kan wanda aka ce masa kawai kada ya kalla, ya shiga ɗaki ya kalla.

Ta uku ita ce tsoron tayar da tsohon miki. Labarin Abdussalami da Bello, ko yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu, sun shafi gidajen da jikokinsu ke raye, wasu ma suna kan karagar sarauta. Ni ma ba na goyon bayan a sa wani ɗan wasa ya fito a matsayin Shehu ko Bello ko Abdullahi, kuma babu buƙatar haka. Ana yin fim na zahiri da wurare da takardu da muryoyin masana da na zuriya, ba tare da an kwaikwayi kowa ba.

Game da tsoron saɓani kuwa, magabatan sun riga sun nuna mana hanya. Muhammadu Bello da kansa ya rubuta littafin Sardul Kalami a kan abin da ya gudana tsakaninsa da Abdussalami, ya kuma kawo ƙorafe-ƙorafen abokin saɓanin nasa a ciki. A Infaƙul Maisuri ya kawo wasiƙun Shehu Al-Kanemi na Barno da ke sukar jihadin, sannan ya ba da amsa. In shugaban da ake jayayya da shi bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba, mu da muka zo bayan shekara 200 ba mu da dalilin ɓoyewa. Bikin kamun kifi na Argungu ma, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, ya samo sigarsa ta yanzu ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu bayan doguwar gaba. Wanda bai san gabar ba, ba zai san darajar sulhun ba.

Haɗarin da ke tafe

Akwai dalilin da ya sa abin ya zama na gaggawa. An cire darasin tarihi daga manhajar ƙananan makarantu wajen 2009, sai a 2022 gwamnati ta ƙaddamar da dawo da shi. Ɗaliban da ke jami'a a yau suna cikin waɗanda wannan giɓi ya shafa.

A daidai wannan lokaci ne kuma guntayen tsofaffin bidiyoyi ke yawo a WhatsApp da TikTok. An sha yaɗa guntun hirar Sardauna a kan manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, kowa na fassara ta yadda ta dace da siyasarsa, ba tare da an tambayi yaushe aka yi hirar ba, wa ya yi ta, me aka faɗa kafin wurin da aka yanko da bayansa. Ana ɗauko bidiyon rikicin wata ƙasa a ce a jiharmu ya faru jiya. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, wadda ke iya sa mamaci ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, da muryarsa da fuskarsa.

A yankin da ke fama da matsalar tsaro, bidiyon ƙarya guda na iya jawo asarar rai kafin a gano gaskiya. Tambayoyin da ake koya wa ɗalibin fim da tarihi su ne dai tambayoyin da ke tona asirin irin wannan bidiyo.

Daga ina za a fara?

Abin ba ya buƙatar biliyoyi. Majalisar malaman jami'ar ta amince da kwas guda na zango ɗaya. A gayyato malaman tarihi daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi su taimaka wajen tsara shi. A tura matasan malamai biyu ko uku Jos su yi digiri na biyu a fannin adana fim, asusun TETFund na ɗaukar nauyin irin wannan ƙarin karatu.

A ware ɗaki ɗaya mai sanyi a ɗakin karatu, da kwamfutoci kaɗan da na'urorin kunna kaset. A yi shela a Jega da Aliero da Maiyama cewa duk mai tsohon kaset na naɗin sarauta ko taron gari ko hoton kasuwa ya kawo, a kwafa, a mayar masa da abinsa tare da kwafi a waya.

A maimakon jarrabawar haddace shekaru, a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya je ya yi hira da dattijo ko dattijuwa guda, da izininsu, a rubuta suna da wuri da ranar da aka ɗauka, a kuma gwada abin da suka faɗa da abin da ke rubuce. Hakimai da shugabannin ƙananan hukumomin uku su buɗe ƙofa, su kuma ba da ɗan abin sufuri. In an yi haka shekara biyar a jere, za a tara abin da babu wata ma'adana a duniya da ke da irinsa game da wannan yanki.

Ranar 27 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da UNESCO ta ware domin tunawa da kayan tarihi na sauti da hoto. Jami'ar na iya ɗaukar ranar ta riƙa haska ayyukan ɗalibai a fili, a gayyaci mutanen gari, kamar yadda ake yi a zamanin majigi, sai dai a wannan karo 'ya'yan garin ne ke riƙe da kyamara.

Aikin farko kuwa takarda ɗaya ce. Gwamnatin Jihar Kebbi da jami'ar su rubuta wa Hukumar Finafinai ta Najeriya da ke Jos, su nemi a binciko Kanta of Kebbi, a duba halin da zarensa ke ciki, a gyara abin da zai gyaru kamar yadda aka yi wa Shaihu Umar. A haska shi a Argungu da Birnin Kebbi da Aliero, sannan a zaunar da ɗalibai su tambaye shi irin tambayoyin da ake yi wa kowace shaida: wa ya ba da kuɗin, daga bakin wa aka ji labarin, wane ɓangare aka bari a baya.